Agogon hannu, zobe ko na'urar damtse: wacce ta kamata ta fara shiga gida a Yamai?

Duk wanda ya ratsa Babbar Kasuwa ko ya leƙa shagunan salula na Yamai a ƴan shekarun nan ya ga agogunan nan masu fuskar gilashi jere a kan tebur. Mai kaya zai ce maka wannan yana awon tansiyo, yana awon sukari, yana ƙirga taku, har barcinka yana aunawa. A farmasi kuma ga na'urar hawan jini da ake ɗaurawa a damtse, ga ta sukari, wasu suna haɗuwa da salula, wasu ba ruwansu da ita. Kai kuwa ka ware jika 30 ko 50, kana da mahaifi mai hawan jini ko mahaifiya mai ciwon sukari, ko kai da kanka ka fara jin jiki ya yi nauyi, ka rasa wadda za ka ɗauka.

Ra'ayina tun daga farko shi ne: a mafi yawan gidajenmu na'urar damtse ce ta cancanci kuɗin farko, agogo ya biyo baya. Amma ba kowane gida ba ne haka, shi ya sa ya kamata a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da za a duba kafin a ciro kuɗi

Tambaya ta farko, kuma ita ce babba: lambar da na'urar za ta ba ka, akwai likitan da zai yi aiki da ita? Idan ka kai wa likita awon hawan jini na kwana uku a rubuce, zai iya ƙara magani ko ya rage, ko ya canza shi. Idan ka nuna masa salula tana cewa barcinka na jiya ya samu maki 78, ba abin da zai yi da wannan. Duka biyun bayanan jikinka ne, amma ɗaya kaɗai ke canza abin da za a rubuta maka a takardar magani.

Ta biyu, awon gaskiya ne? Ba duk na'urar da ke nuna lamba ce take auna wani abu ba. Akwai waɗanda masana suka gwada a jikin mutane, suka kwatanta su da awon asibiti, akwai waɗanda ba wanda ya taɓa gwada su.

Ta uku, kuɗin bayan saye. Sayen doki ba shi ne wuya ba, harawa ce aiki. Wata na'urar pil huɗu kawai take so a shekara, wata kuma kowane wata sai ta ci kuɗin da ya fi nata.

Sai yanayinmu. A Afrilu da Mayu zafin Yamai da Tawa yana haura digiri 40 kusan kullum, lokacin ne kuma wuta ta fi yawan ɗaukewa. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina. Yawancin waɗannan kaya an ƙera su ne da tunanin ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta yankewa.

Daga nan sai a tambaya wa zai riƙa amfani da ita, da irin salular da ke gidan. Tsohon da ba ya karanta Faransanci, idonsa kuma ya yi rauni, babban allo da maɓalli ɗaya yake so. Na ƙarshe, inda bayanan suke tafiya bayan sun bar jikinka, wanda zan yi magana a kansa can gaba.

Na'urar hawan jini ta damtse

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kusan mutum ɗaya cikin manya uku a duniya yana da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Ciwo ne da ba ya sallama. Mutum yana harkokinsa, ba ciwon kai ba jiri, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta gaza. Hanya ɗaya ce ta saninsa, awo.

Na'urar damtse tana hura iska a cikin ɗamara har ta matse jijiya, sannan ta saki a hankali tana sauraron motsin jini. Wannan awo ne na zahiri, irinsa ake yi a asibiti. Kamfanoni irin su Omron, Microlife da Beurer sun daɗe a wannan sana'a, kuma akwai shafin STRIDE BP inda masana hawan jini suke jera samfuran da suka ci gwaji. Kafin ka biya, ka duba lambar samfurin da ke jikin kwali, ka neme ta a can. Minti biyu ne, kuma ya fi duk rantsuwar mai kaya.

Abin da aka fi mantawa shi ne girman ɗamara. Wadda aka saba sakawa a kwali ta damtse mai kaurin santimita 22 zuwa 32 ce. Hajiya mai jiki idan aka ɗaura mata wannan, lambar za ta fito sama da gaskiya, a tayar mata da hankali a banza, ko a ƙara mata maganin da ba ta buƙata. A sa tef ɗin tela a auna tsakiyar damtse tukuna. Akwai ɗamara ta 32 zuwa 42, akwai kuma mai ɗaukar 22 zuwa 42 gaba ɗaya, wadda ta fi dacewa da gida mai mutane da yawa. Ta wuyan hannu kuwa, ko da ta fi sauƙin ɗauka, da zarar hannu ya sauka ƙasa da saitin zuciya ko ya haura, awo ya ɓaci. Ban ba da shawararta ba sai ga wanda damtsensa ya fi ƙarfin kowace ɗamara.

Yadda ake awon ma rabin aikin ne. Da safe bayan an dawo daga masallaci, kafin karin kumallo da shan magani, Baba ya zauna a kujera mai majingina, ba a tabarma ba, ƙafafu biyu a ƙasa ba a harɗe ba. A zare hannun babbar riga, kada a nannaɗe shi ya shaƙe damtse. Hannu a kan tebur daidai ƙirji, ɗamara ta zauna kamar yatsu biyu sama da gwiwar hannu. Ya huta minti biyar. "Baba, ku dakata da goron nan da shayi sai mun gama," domin goro da shayi da taba duk suna ɗaga lamba, ana so a yi rabin awa ba a taɓa su ba. Yayin da na'ura ke hurawa ba magana, ko gaisuwa aka yi daga zaure a bari sai ta gama. Likitocin Faransa suna da tsari mai sauƙin riƙewa: awo uku da safe, uku da dare kafin kwanciya, kwana uku a jere, da tazarar minti ɗaya ko biyu tsakanin kowane awo. Wannan za a kai wa likita.

Wani abin da ke rikita mutane a nan: a asibiti za a ce maka tansiyonka 14 bisa 9, na'urar gida kuma ta rubuta 140 da 90. Abu ɗaya ne, sifili kawai aka ƙara. Kuma iyakar gida ta ɗan fi ta asibiti ƙasa. Idan matsakaicin awon kwanakin nan ya kai 135 bisa 85, a je a ga likita. Idan ya kai 180 bisa 120, ga ciwon ƙirji, ko gani ya dushe, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ba a jiran safiya.

To, mai haɗuwa da salula ko marar haɗuwa? Awonsu ɗaya ne, injin ciki bai bambanta ba. Mai Bluetooth, irin Omron M4 Intelli IT, ko Withings BPM Connect da ke hawa Wi-Fi, tana tura lambobi cikin manhaja, ta zana maka yadda suke hawa da sauka, ta ba ka damar aika su ta WhatsApp. Wannan yana da amfani sosai idan ɗan da ke biyan kuɗin magani yana Kwatano ko Abijan ko Faransa, yana so ya riƙa gani da idonsa. Amma idan kowa yana gida ɗaya, littafin makaranta mai layi da biro suna yin aikin, likita ma sau da yawa ya fi saurin karanta shafi ɗaya a takarda fiye da latsa salular wani. Ka ɗauki hoton shafin ka tura, an gama.

Wajen juriya, mai pil ta fi mai caji a wurinmu. Pil ana samunsu a kowane tebur, wuta ta zo ko kada ta zo. Yawancinsu an rubuta su yi aiki tsakanin digiri 10 da 40, saboda haka a bazara awon asuba da na dare ne abin dogaro, kada a bar ta cikin mota ko ƙarƙashin kwano da rana. Abin da ke fara mutuwa shi ne robar ɗamara da bututunta. Ranar ganin likita a tafi da ita, a auna da ita a auna da tasu, a ga ko sun yi kusa.

Agogo da munduwar ƙirga taku

A nan ne kasuwa ta fi zafi, a nan ne kuma ƙarya ta fi yawa. Kashi uku ne. Akwai munduwa siririya irin Xiaomi Smart Band, Huawei Band ko Fitbit. Akwai manyan agoguna irin Apple Watch, Galaxy Watch da Garmin. Sai tarin marasa suna, ko masu kwaikwayon surar Apple, da ake sayarwa jika kaɗan.

Duka suna aiki ne da koren haske a bayan agogon. Hasken yana shiga fata, jini ya shanye wani sashe, abin da ya dawo shi ake ƙirga bugun zuciya da shi. A wannan fanni na kirki suna ƙoƙari. Masu bincike a jami'ar Stanford sun gwada guda bakwai a 2017, shida daga ciki kuskurensu a bugun zuciya bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Amma a lissafin ƙarfin abincin da jiki ya ƙona, wanda ya fi kowa daidai ya kauce da kashi 27, na ƙarshe da kashi 93. Wato bugun zuciya da taku ka yarda da su, lambar kalori kuwa kada ka ƙara tuwo saboda ita. Taku ɗin ma yana da nasa: hawan kabu-kabu a hanya mai gargada ko daka a turmi suna iya shiga lissafi.

Manyan agogunan suna da abu ɗaya da ya wuce wasa. Tun 2018 Apple Watch yake iya zana bugun zuciya idan ka ɗora yatsa a maɓallinsa, kuma yana faɗakarwa idan bugun ya rikice irin rikicewar da ke iya jawo shanyewar jiki. A binciken da aka buga a 2019 a kan mutum sama da 419.000, kusan rabin kashi ɗaya cikin 100 ne suka samu faɗakarwa, kuma a cikin waɗanda aka bi da na'urar asibiti daga baya, kusan kashi 34 aka tabbatar da ciwon. Faɗakarwa ce ta a je a duba, ba hukunci ba. Kuma ba ya gane bugun zuciyar da ke kisa farat ɗaya. Mai ciwon ƙirji kada ya tsaya tambayar agogo.

Hawan jini fa? Galaxy Watch yana ƙiyasta shi, amma sai an daidaita shi da na'urar damtse duk sati huɗu, sai da salular Samsung, kuma ba a kowace ƙasa aka buɗe wannan aikin ba. Ka ga ko shi bai raba ka da na'urar damtse ba. Huawei Watch D da D2 su ne suka saka ƴar jakar iska a cikin madauri, suna matsa wuyan hannu da gaske, sai dai kuɗinsu ya sayi na'urar damtse shida ko fiye. Agogon jika biyar da ke nuna maka 120 bisa 80 kuwa, ka gwada shi a shago kafin ka biya: cire shi daga hannu, ɗora shi a kan kwali ko ƙafar tebur, ka danna awo. Da yawansu za su ba ka bugun zuciya da tansiyon tebur.

Maganar sukari ta fi wannan haɗari, kuma ina so a ji ta da kyau. A Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fito ta gargaɗi jama'a cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke iƙirarin auna sukari ba tare da huda fata ba, kowane kamfani ne ya yi shi. Mai allurar insulin da ya dogara da irin wannan lamba yana iya yi wa kansa allurar da za ta kai shi suma. Idan an kawo wa Inna irin wannan agogo tsaraba daga Dubai ko Makka, ta ɗaura don duba lokaci, amma kada a daina huda yatsa.

Amfanin agogo na gaskiya a wurina shi ne tunzurawa. Ma'aikacin da ke wuni a kujera, daga mota sai ofis, idan ya ga ƙarfe biyar ta yi bai yi taku 2.000 ba, sau da yawa kunya takan sa ya fita ya zaga filin wasa na Seyni Kountché ko ya taka bakin kogin Isa. Ba dole sai 10.000 ba. Wannan adadi ya samo asali ne daga tallar wata na'urar ƙirga taku a Japan a 1965. Binciken da ya haɗa nazarce-nazarce da dama a 2022 ya nuna wanda ya haura shekara 60 yana samun mafi yawan amfanin tsakanin taku 6.000 da 8.000. Munduwa mai araha tana yin wannan aiki daidai da agogon jika 300.

Ta fuskar wuta ma munduwa ce gaba: caji ɗaya yana kai ta sati biyu ko kusa da haka, alhali Apple Watch kusan kullum sai ya sha caji. Apple da kansa ya rubuta cewa agogonsa ya fi son zafin da bai wuce digiri 35 ba, batirin irin waɗannan kaya kuma zafi ne ke tsufar da shi, ga shi a manne yake, ba kowane mai gyara ke iya canza shi ba. Ka ƙaddara shekara biyu zuwa huɗu. Apple Watch ba ya aiki sai da iPhone, mai Tecno, Infinix ko Itel ya nemi wanda ke tafiya da Android. Ruwan alwala ba ya cutar da wanda aka rubuta wa 5 ATM, amma a riƙa zame shi ruwa ya taɓa fata, a kuma bar wurin ya bushe, don gumi da madaurin roba suna kawo ƙuraje a bazara.

Zobe

Zobba irin Oura da Galaxy Ring sun fi ƙarfi a bin barci, zafin fata da bugun zuciya lokacin hutu. Ba su da allo, komai sai a salula. Oura yana neman kusan yuro 6 kowane wata, wato wajen jika 4, kuma sai da katin banki mai biya a intanet. Idan yatsa ya kumbura ko ya rame, zoben ya tashi aiki, batirinsa kuma ba ya canzuwa. Ban ga gidan da zan ce ya fara da wannan ba.

Awon sukari: huda yatsa ko abin mannawa

Ga wanda likita ya tabbatar masa da ciwon sukari, wannan ba zaɓi ba ne, tilas ce. Ƙaramar na'urar huda yatsa, irin Accu-Chek, OneTouch ko Contour, ba ta da tsada. Kuɗin yana cikin bandelet, ƴan siraran takardun da ake ɗiga jini a kai. Mai awo sau biyu a rana yana cin 60 a wata, kwalin kuwa yawanci 50 ne. Saboda haka kada ka fara tambayar kuɗin na'ura. Ka tambayi farmasi biyu ko uku na unguwarku wace bandelet ce ba ta yankewa a wurinsu, sannan ka sayi na'urarta. Gidaje da yawa suna da na'ura mai kyau da ɗan'uwa ya aiko daga waje, tana kwance a durowa saboda ba a samun bandelet ɗinta a gari. Wanda ke Tawa ko ƙauyukan kewaye ya fi kowa buƙatar wannan tambaya.

Bandelet ba ta son zafi. Yawancin kwalaye an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 30, abin da ɗakunanmu ba sa cikawa wata da watanni. A nemi wuri mafi sanyi a gida, nesa da taga da madafa, a rufe murfin gwangwanin nan take bayan an zaro ɗaya, kada kuma a sayi ta wata shida a ajiye. Wadda ta sha rana a tebur a kasuwa, ko kwananta bai ƙare ba, a bar ta. A wanke hannu da sabulu a shanya kafin huda, domin yatsan da ya taɓa dabino ko mangwaro zai ba da lamba mai tsoratarwa.

A lura da ma'auni. Takardar laburatuwar a nan tana rubuta 1,26 g/L, na'urar ta nuna 126 mg/dL, wadda aka kawo daga Ingila kuma ta nuna 7,0 mmol/L. Duka sukari ɗaya ne. Kuma ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta yarda na'urar gida ta kauce da kusan kashi 15 cikin 100, don haka idan ka auna sau biyu a jere ka ga 140 da 152, ba lalacewa ta yi ba. Da azumi amfaninta yake ƙara fitowa: jagororin likitocin sukari sun ce wanda awonsa ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 ya sha ruwa, malamai da yawa kuma sun yi bayani cewa ɗigon jinin yatsa ba ya karya azumi.

Abin mannawa, irin FreeStyle Libre ko Dexcom, wani ɗan faifai ne da ake liƙawa a bayan damtse, da siririn zare a ƙarƙashin fata. Yana awo dare da rana, Libre na kwana 14, Dexcom G7 na kwana 10, sababbinsu kuma suna ƙara idan sukari ya faɗi cikin barci. Ga yaro mai nau'in farko na ciwon, ko babba mai allura sau da yawa a rana, wannan rahama ce babba, uwa takan samu ta runtsa. Sai dai biyu ko uku ake ci a wata, gumi yana ɓamɓare shi kafin lokaci, ajiyarsa tana son sanyi, manhajarsa kuma ba a kowace ƙasa take saukuwa ba, don haka wanda zai saya ya haɗa da ƙaramar na'urar karantawa ta kamfanin. Ruwan da ke tsakanin tsoka yake aunawa, ba jini kai tsaye ba, yana ɗan makara da wasu mintoci. Na'urar huda yatsa ba ta barin gidan.

Sikeli, abin yatsa da ma'aunin zafi

Sikeli mai haɗuwa da salula yana faɗin nauyi daidai. Kason kitse da yake nunawa ƙiyasi ne daga ɗan lantarkin da yake turawa ta tafin ƙafa, kuma ƙishirwa ko azumi suna canza shi. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji kada ya hau irinsa. Sikeli na yau da kullum da tef ɗin auna ƙugu sun wadatar.

Abin da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin ya yaɗu lokacin korona, kuma akwai abin da ya shafe mu kai tsaye a kansa. Binciken jami'ar Michigan na Disambar 2020 ya gano cewa a jikin baƙar fata yana ɓoye ƙarancin iska kusan ninki uku fiye da a jikin farar fata, ya nuna lamba mai kyau alhali jini yana cikin ƙunci. Baƙin lalle, jan farce da sanyin yatsa suna ƙara ɓata shi. Yaron da ke numfashi sama-sama, haƙarƙari yana shiga, a kai shi asibiti ko na'ura ta ce 96.

Ma'aunin zafi na hammata mai ƙaramin pil kuwa, kowane gida mai yara ya mallake shi, ba ya buƙatar salula. Zazzaɓi da damina gwajin cizon sauro yake nema a CSI, wato ƙaramar cibiyar lafiya, mafi kusa.

A taƙaice cikin tebur

Farashin nan na shagunan Turai ne a kimance, a kan yuro ɗaya sefa 656. A nan sai a ɗora kuɗin dako, kwastan da ribar mai kaya.

| Na'ura | Abin dogaro a cikinta | Kuɗin saye | Kuɗin bayan saye | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Ta damtse, marar salula | Hawan jini, bugun zuciya | Jika 23 zuwa 46 | Pil, ɗamara bayan shekaru | Ɗamarar da ba ta dace ba |
| Ta damtse, mai salula | Iri ɗaya, da ajiyar tarihi | Jika 43 zuwa 85 | Pil ko caji, ɗan intanet | Manhaja ta gagari tsoho |
| Munduwa | Taku, bugun zuciya | Jika 26 zuwa 33 | Caji duk sati biyu | A ɗauke ta likita |
| Babban agogo | Taku, bugu, faɗakarwar rikicewa | Jika 164 zuwa 295 | Caji kusan kullum | Zafi, sata, tsoro a banza |
| Zobe | Barci, bugu lokacin hutu | Wajen jika 260 | Wasu jika 4 a wata | Batir ba ya canzuwa |
| Ta huda yatsa | Sukari a lokacin awo | Jika 10 zuwa 20 | Bandelet da allura kullum | Bandelet ta yanke ko ta lalace |
| Abin mannawa | Sukari dare da rana | Jika 26 zuwa 39 kowane ɗaya | Biyu ko uku a wata | Tsada, gumi, samuwa |

Ina bayanan suke tafiya

Duk na'urar da ta ce sai ka buɗe asusu da adireshin imel, ka sani nauyinka, bugun zuciyarka, lokacin kwanciyarka da hanyar da kake bi suna zuwa rumbun kamfani a wata ƙasa. Wannan ba zargi ba ne, an ga misalai. A farkon 2018 taswirar da manhajar Strava ta wallafa ta masu guje-guje ta tona wuraren sansanonin soja, har da na yankin Sahel, saboda sojoji suna zagaye da agogo a hannu. A Yulin 2020 masu kutse sun rufe ayyukan Garmin na kwanaki. A 2021 hukumar kasuwanci ta Amurka ta zargi manhajar Flo, wadda mata ke lissafin al'ada da ita, da miƙa bayanansu ga Facebook da Google. A shekarar ne kuma Google ya kammala sayen Fitbit.

Nijar tana da dokar kare bayanan mutum tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita, amma kamfanin da ke Amurka ko Sin ya yi mata nisa. Kariyar da ke hannunka ita ce: kashe wurin da kake idan ba gudu kake ba, hana manhaja shiga lambobin mutanenka da hotunanka, kada ka sauke manhajar agogo marar suna daga wata mahaɗa da ke jikin kwali. Akwai kuma sirrin cikin gida, wanda ya fi kusa. Salula ɗaya da mutum huɗu ke taɓawa, ciwon Baba ko cikin amarya yana iya zama labarin unguwa. Kafin ka haɗa na'urar mahaifi da salularka, ka nemi izininsa: "Baba, kun yarda in riƙa gani daga nan?"

Wa ya sayi me

Gida mai dattijo, ko wanda hawan jini ya taɓa kayar da wani a danginsa, ko duk wanda ya haura 40: na'urar damtse mai pil, wadda ta ci gwaji, da ɗamara 22 zuwa 42, da littafi. Ita kaɗai za ta yi wa mutum goma aiki, har maƙwabta. Idan mai kula da tsohon yana nesa kuma akwai matashi a gida da ya iya salula, a ƙara kuɗi a ɗauki mai Bluetooth.

Mai juna biyu, musamman cikin fari ko wadda ƙafa ke kumbura: na'urar damtse, a nemi samfurin da aka gwada a kan masu ciki, domin ba duka ba ne. Awon 140 bisa 90 bayan wata na biyar, ko ciwon kai mai tsanani da ganin walƙiya, a tafi wurin awon ciki a ranar, don jijjiga ba ta ba da wa'adi. Awon gida ba ya maye gurbin zuwa awo.

Mai ciwon sukari da ke shan ƙwaya: ta huda yatsa wadda bandelet ɗinta ke gari, sannan ta damtse, don ciwukan biyu sukan zo tare. Mai allurar insulin ko yaro: abin mannawa idan aljihu zai iya ɗauka wata bayan wata, ko a ajiye shi don lokuta masu wuya kamar farkon azumi ko canjin magani, da shawarar likita.

Lafiyayyen da zama ya yi wa yawa: munduwa mai suna, ba marar suna ba. Salularka ma tana ƙirga taku kyauta idan tana aljihu, gwada wannan na wata ɗaya kafin ka kashe ko dala.

Wanda zuciyarsa ke faɗuwa ko bugawa ba bisa ƙa'ida ba ya fara zuwa a yi masa ECG, wato gwajin zana bugun zuciya, a Babban Asibitin Ƙasa, ko na Lamorde, ko asibitin jihar Tawa. Idan likitan zuciya ya ga agogo mai zanen bugu zai taimaka wajen kama abin da ke zuwa yana wucewa, sai a saya, a kuma tabbatar wannan aikin yana buɗewa da salular da ke hannu kafin a bar shagon.